Jan Ɗigo a Kufan Kaka

Talata, 12 ga Oktoba, 2021. Raɓa ta kwana a kan ciyawa, sama fes babu gajimare, zafin nan na ƙarshen damina ya fara manne wa mutum riga a baya tun hantsi bai yi ba — kuma wai a tura domin lada. Domin lada, Muhsina. Haka kika rubuta a ƙasan saƙon da kika tura a waya, kika ƙara hoton hannuwa biyu a ɗage da ɗan jan fure. Fure!

Ga ni a bakin iyakar Jibiya, inda motocin Katsina ke sauke mutane su juya. Waya a hannuna, ba ta da wani amfani. Tun watan jiya aka katse sabis a duk yankin nan saboda 'yan bindiga, na sani, kowa ya sani, ɗan yatsana ne kawai bai yarda ba, sai danna sunan yake yi. Mahmudu... Mahmudu... Ƙanena, cikinmu ɗaya. Yana can cikin daji inda kira ba ya shiga, shi da matarsa Asma'u da 'yan matansu biyu da abin da ya rage na shanun gidanmu, yana zaton babu wanda ya san inda suka ɓuya. Kuma gaskiyarsa ce — har ranar Juma'a.

Wari ko ta ina. Fetur, ɓawon kankana da ƙuda ya rufe, kwatar da ta tsaya tun ruwan ƙarshe har ta yi kore. Wani ya tofar da tuƙar rake dab da takalmina. Na matsa gefe. Ni ba na cewa komai, an san ni da haka. Malama Salmatu mai koyar da labarin ƙasa, ba ta da hayaniya, ba ta shiga abin da ba nata ba. To ga ta nan.

"Bayin Allah ne azzalumai suka kora daga garinsu a yankin Bugaje. Suna ɓoye a wannan wuri da shanunsu da hatsinsu da 'yan matansu. Ki danna ki gani da idonki, ki yi musu addu'a, ki tura."

Na haddace saƙon naki, ba don ina so ba. Shanunsu. Hatsinsu. 'Yan matansu... Ke da kika tsufa a cinikin atamfa, ba ki ji yadda ya yi kama da tallan kaya ba? Ga haja, ga inda take, ga hanya. Don taswirar wayar da kika liƙa wa saƙon ba ta tsayawa a nunawa kawai, ai kin sani. In mutum ya danna jan ɗigon sai ta tambaye shi cikin ladabi ko yana so ta raka shi. Ta shata masa shuɗin layi. Har da muryar mace mai taushi, bi dama, bi hagu, ka iso.

Ni na kawo muku ita, wannan babu musu. Kuma abu mai kyau na kawo, har gobe haka zan ce. Tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a nake zama a layin baya a Islamiyyar matan aure — da safe ina gaban allo da alli a hannu, da yamma in koma ɗaliba, hijabina bai kai naku tsawo ba, haruffan maƙogwaro ba sa fita yadda malam ke so. 'Yar boko. Ba ku faɗa da ƙarfi ba, amma in an shiga zancen addini sai in ga kafaɗu sun juya. Na daɗe ina neman abin da zan ajiye a tsakiyar tabarma in ce wannan nawa ne. Sai ranar da ake musun alƙibla a sabon falonki, wannan ta ce a karkata, waccan ta ce a miƙe, na fito da waya na nuna muku Ka'aba daga sama, ɗan baƙin ɗaki da farin zobe kewaye da shi. Kuka matso kuna leƙe. Kika ce, "Malama, ashe bokon nan yana da ranarsa."

Na ji daɗi. Kai, yadda na ji daɗi...

Daga nan aka fara. Duk Juma'a bayan la'asar, a gidanki a Katsina, a haɗa waya da babbar talabijin. Mu zaɓi garin da muka ji a rediyo ana shan wuya, in buɗe yatsu biyu, ƙasa ta matso, teku ya wuce, duwatsu, sai ga rufin gidaje. Ni ce na ce addu'a ta fi fitowa daga zuciya in ido ya ga inda za ta. Ranar da muka sauka a wani gari na Yaman, wata tsohuwa a cikinmu ta taso har gaban gilashi tana nuna wani rufi mai ɗige-ɗigen fari — "Shanya ce waccan? Wayyo, su ma suna shanya..." ta fashe da kuka. Kukan gaskiya, har da majina. Ranar na koma gida ina jin na tsinana wani abu a duniya.

Yaushe abin ya ruɓe? Ban ga ranar ba. Kamar miyar da aka manta a bayan murhu, sai an ɗaga murfi. Farantan cincin da soyayyen nama suka fara zagaye a tsakiyar addu'a. "Allah sarki Gaza — miƙo mini zoɓon nan." Yatsa mai maiƙo a kan gilashi, ana jan unguwannin mutane sama da ƙasa kamar ana zaɓen leshi. Kika ƙirƙiro koren tauraro, duk garin da aka yi wa addu'a a manna masa. "Mun yi Burma ai. Sham ma mun yi. A kawo sabo." Mun yi! Kamar masu rigakafi da ke goga alli a ƙofar gida su wuce na gaba. Sannan aka buɗe guruf a waya. Mata ɗaruruwa, na Kano, na Kaduna, da waɗanda babu wanda ya san ko mata ne ma. Kowace safiya jan ɗigo ɗaya, ƙarƙashinsa amin, amin, amin, hotunan hannuwa a jere kamar ƙafafun kaji a tire. Wa ke buɗewa? Wa ke tsayawa ya duba rufin? Na sha yin niyyar fita. In kai yatsa, in fasa — kada a ce 'yar boko ta gaji da addu'a.

Ɗan kamasho na ihu a kunnena, Maraɗi, Maraɗi, saura mutum ɗaya. Iyakar da aka ce a rufe take. A takarda a rufe take, ga sandar ƙarfe a gicciye, amma mutane na ratsawa ta gefe da kaya a ka, ƙananan motoci na bi ta daji. Na buɗe taswirar, don sabo. Babu komai sai toka-tokan akwatuna, da shuɗin ɗigo guda a tsakiyar fanko, wai ni ce. A nan ta makance. Sai a falo mai sanyi take gani har hanji.

Lado nake nema. Direba ne ɗan garinmu, tare da Mahmudu aka yi musu kaciya, shi kaɗai ne zan ce wa "kufan Kaka" ya gane ba sai na ƙara kalma ba.

Kufan Kaka... Ba ma suna ba ne, mu kaɗai ke kiransa haka. Tsohon mazaunin kakanmu, can dab da iyaka, bayan dutse, inda rafi ya yi gwiwa. An tashi daga wurin tun ina firamare, da rijiya ta rufta. Babu hanya sai ta shanu. A taswira ko harafi babu a kansa, kuka ɗaya ce, da wasu baƙaƙen zobba inda rumbuna suka taɓa tsayawa. Da aka shiga garinmu karon ƙarshe, Mahmudu bai bi mutane zuwa cikin Jibiya ba, bai kuma tsallaka Nijar ba. Ya ce shanu ba sa zama a ajin makaranta. Ya ɗora dammunan gero a amalanke, ya kora dabbobin ta cikin dawa, ya koma inda kowa ya manta. Asma'u ce ta gaya mini, makon jiya da ta kawo ƙaramarsu asibiti a Katsina. A madafa ta gaya mini, ta saki famfo yana zuba don kada ko 'yar aikina ta ji — "Yaya, ya ce ko Inna ce ta dawo duniya kada ki faɗa mata."

Ko Inna.

Juma'a. Turaren wutarki ya cika falon har ido na yaji. An gama Kashmir, ana karkaɗe ɓurɓushin cincin daga cinya. Kika juyo da murmushin nan naki na shugabar taro.

"Malama, kullum muna ƙetare teku, ga na gida an ce sun tashi. Ina 'yan'uwanki suka nufa? Nuna mana mu sa su a addu'a."

Na ce Allah ya san inda suke.

"Ya sani mana. Mu ma so muke ido ya gani. Ba ke kika koya mana ba?"

Aka yi dariya. Idanu duka a kaina... wata daga kusurwa ta ce ko dai Malama ba ta yarda da mu ba ne. Ba ta yarda da 'yan'uwanta Musulmi ba, a ɗakin da ake sauke Alƙur'ani duk azumi. Ban haɗa da talabijin ba, wannan dai na kiyaye. A tafin hannuna na buɗe. Na ce kada ya fita daga ɗakin nan, a fili na faɗa, kowa ta ji, har da masu gyaɗa kai. Kika ce tabarau ɗinki na can saman bene, in miƙo ki gani da kyau. Yatsanki mai jan lalle yana yawo a kan kukar Kaka. Na ɗauka dubawa kike yi. Ashe tura wa kanki kike yi.

Kuma kun yi addu'ar. Wannan ne abin takaicin — kun yi ta da kyau. Har muryarki ta yi rawa a wurin "ka tsare musu zuri'a." Ni ma na ɗaga hannu. Na ji sanyi a ƙirji, na ce a raina ai gara da na nuna.

Jiya ina ɗakin malamai ina duba takardun gwaji, waya ta yi ƙara. Na duba, alƙalami ya faɗi. Na fita bayan ajujuwa na kira ki.

"Haba Malama, addu'a ce fa. In mutum dubu suka roƙa ai ya fi mu da muke ɗaki ɗaya. Ke tsoron mutum kike ji fiye da Allah?"

Na ce ki goge. Ban taɓa ɗaga miki murya ba sai jiya.

"To na goge, shi ke nan? Allah ya huci zuciyarki. Ni dai alheri na nufa."

Kin goge... Kafin a tashi makaranta ya dawo mini daga malamar lissafi, wadda ba ta ma cikin guruf ɗin, da 'yan kibau biyu a samansa, alamar ya zaga har ya gaji. An ƙara masa ado a hanya, shanun sun zama "garke guda," wani ya liƙa muryar wa'azi a ƙasa. Ta ce, "Malama, ba yankinku ba ne nan? Allah ya kyauta." Ba ta san ƙanena ba ne. Na ce amin. Me zan ce?

Alheri kika nufa. Na yarda, kuma shi ne abin ƙyamar. Da mugunta kika yi, da na san inda zan ajiye ki. Amma wannan tsabtatacciyar zuciya mai ƙamshin humra, wadda ba ta taɓa kwana tana sauraren ƙarar babur ba... A hanya yau mun wuce makarantar da mutanen ƙauyuka suka cika, tsummokara a kan tagogi, tukwane a kan duwatsu uku. Su ma suna shanya, Muhsina. A bakin titi, ba sai an buɗe yatsu biyu ba. Ba su taɓa samun koren tauraro ba, ba su da nisan da zai sa su yi kyau a talabijin. Sai da na gida ya zama asiri, ya zama abin leƙe, sannan ya yi miki daɗin turawa.

Can gefen shinge akwai ɗan tudu, mutane sun cika shi, hannuwa duk a sama. Na ɗauka addu'a ake yi. Waya ce. Nan ne sabis ɗin Nijar ke tsallakowa, duk mai layin can sai ya hau ya ɗaga hannu, saƙonnin da suka taru su zubo masa gaba ɗaya. Ina jin kukansu daga nan, wannan ta yi, waccan ta amsa, kamar 'yan tsaki sun ga tsaba. Wanne ne namu a ciki? Wancan mai jar hula da ya sauko yana karantawa, leɓensa na motsi — addu'a yake yi ko lissafi? Wancan mai buhun burodi a bayan babur, wa ke cin burodi mai yawa haka a daji? Kowa ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga labari. Infoma ba shi da ƙaho. Yana sahun gaba a masallaci, matarsa na Islamiyya, ƙila tana guruf ɗinmu, ƙila ita ce ke riga kowa amin... Astagfirullah. Dubi abin da kika mayar da ni. Ina tsaye ina auna bayin Allah da ido kamar mai sayen rago.

Rumfar Hajo mai abinci tana nan inda na san ta. 'Yar Gangara ce, benci ɗaya muka zauna a firamare.

"Salmatu 'yar boko! Yau kuma? Ko birnin ne ya kore ki?"

Na ce Lado nake nema.

"Lado? Motarsa ta kwanta a Ɗan Isa, yana can yana zagin bakanike. Sai jibi, in ya ga dama. Zauna mana, kin tsaya ƙiƙam kamar 'yar kwastan."

Jibi.

Bencin na da danƙo, miyar jiya ce ko manja. Na zauna a kai. Ƙuda ya sauka a bayan hannuna, na bar shi.

In tafi da kaina? Da wannan tabarau, da jakar nan, da takalmin ofis, in hau babur in ce a kai ni bayan dutse — ai na zama jan ɗigon da kansa, mai ƙafafu. Duk wanda ya gan ni ya ga hanya. Kuma ina tsoro. To, ina tsoro, tun a mota ma. In je in kai rahoto? In ce me, ga wurin da ba a sani ba, ku rubuta? Duk bakin da na buɗe kunne na ƙara.

Ko in koma gida in yi shiru... Mai yiwuwa babu abin da zai faru. Saƙo nawa ke yawo a waya? Yaro ya ɓata, ana neman jini, kada a sha lemo kaza, rabinsu ƙarya ne, kowa ya sani, a yi amin a wuce. Hoton ma tsoho ne, da rani aka ɗauke shi shekarun baya, babu bukka, babu saniya ko ɗaya, wanda ya danna daji kawai zai gani. Ƙila 'yan bindigar ma su ce ƙarya ce. Ƙila. Zan ɗora Mariya a kan ƙila? Babbar 'yar Mahmudu, mai dogon wuya irin na Inna, wadda ke cin tuwo da hagu in ta ga ba a kallonta, ta ce mini da sallah, "Gwaggo, ni fa ba na son lissafi, amma kada ki gaya wa Baba." 'Yan matansu. Haka kika kira ta, a layi ɗaya da hatsi.

In kuma na ce su tashi, su tashi zuwa ina? Amalanke ɗaya, ƙaramar ba ta gama warwarewa ba, shanu a kan hanya da rana tsaka, ƙura na tashi ana hange daga nesa. Ƙila zaman ya fi. Ƙila ni ce zan fito da su daga rami in miƙa... A'a. Ba ni zan zaɓar masa ba. Amma ya sani. Haƙƙinsa ne ya san rufin da yake kwana a ƙarƙashinsa an yaye.

Ƙarƙashin kukar nan na zana taswirata ta farko, da tsinke, a kan rairayi. Nan gida, nan rafi, nan dutse, can ƙasar Faransa, haka su Kaka ke kiran tsallake. Mahmudu bai fi tsayin turmi ba, ya tsaya yana kallo, ciki a gaba. Sai ya sa ƙafa ya shafe. Na kai masa duka, yana kuka yana cewa to in kura ta gani fa, ai za ta san gidanmu...

Hajo ta dafa ni. Wai tun ɗazu take magana.

"In saƙo ne ki ba Ummaru mana. Ɗan Maraɗi ne, amma mutumin kirki, kullum ta bayan dutse yake bi. Shekara da shekaru yana cin tuwona, bai taɓa ɗaga ido ya kalli 'yan aikina ba. Ga motarsa can ta kusa cika."

Ta bayan dutse. Baƙo. In faɗa wa baƙo da bakina abin da aka ce ko Inna... Don in gaya wa Mahmudu asiri ya fita, sai na ƙara fitar da shi. Wa ya tsara wannan? Amma mutum ɗaya ne. Mutum ɗaya, a kunne, ba ɗaruruwa ba. Zan ja shi gefe. Ba zan ce shanu ba, ba zan ce mata ba, zan ce wani manomi ne ke kwana a gonarsa, magani zan aika masa.

Babu takarda a jakar sai ta gwajin ɗalibai. Na yage bayan wata inda babu rubutu. Alƙalamin ma ja ne, na maki. Na ɗora ta a cinya na hau rubutu.

"Mahmudu. Wurin ya fita, yana yawo a waya. Kada ku sake kwana in da hali. Ku taho Katsina, gidana ya ishe mu, dabbobi a san yadda za a yi. Yayarka."

Ban rubuta yadda ya fita ba. Zai tambaya in mun haɗu. In mun haɗu... Na naɗe ta ƙanana, na tura cikin kwalin maganin ciwon kai da ke jakata, na ƙulle a baƙar leda. Babu suna a baya. Ko an buɗe, babu gari, babu kwatance. Na yi hankali. Duk abin da hankali ke iya yi na yi.

Ummaru dattijo ne, furfura a gemu, carbi na lilo a madubin tsohuwar fijo. Mota ta cika, gaba da baya, tagogi a sauke, inji na kaɗawa. Ya taho yana goge hannu da tsumma, fuskarsa a sake. Fuskar kirki ce, wallahi.

"Hajiya, ina kwana, ina gajiya? Hajo ta ce akwai saƙo."

Na miƙa masa ledar. Na matsa, na rage murya. Na ce in ya wuce dutse, inda rafi ya yi gwiwa, akwai wata kuka ita kaɗai, in ya taka kaɗan —

"Kufan nan na bayan dutsi? A'a, Hajiya, kada ki wahal da kanki, na san wurin sarai! Uwargida ta gwada mini shi jiya a talho, cikin wayarta, mutanen nan da anka kora, masu shanu. Wallahi har addu'a munka yi musu bayan magariba. Ni ce mata na yi irin ƙaryar talho ce. Ashe da gaske ne! Ashe naki ne, Allah sarki!"

Da ƙarfi yake magana, don inji. Ba don komai ba, don inji.

Ledar ta shige aljihun gabansa. Hannuna ya tashi, ya tsaya a iska — in karɓe? In karɓe me? Ya riga ya sani, Mahmudu ne kawai bai sani ba.

"Ki kwantar da hankalinki, kahin azahar tana hannunshi, in sha Allahu."

Ashe da gaske ne... Har zuwa ɗazu labarin waya ne, ɗaya cikin dubu, daji da kuka a tsohon hoto. Yanzu mace mai tabarau ta taso tun daga Katsina da ƙafarta, ta tsaya a tasha gaban mutane, ta shaida akwai su.

Ummaru ya shiga, ya ja ƙofa ta ƙi, ya sake bugawa. Daga kujerar baya wata murya, ta namiji, a natse:

"Direba, wane kufai ke nan?"

Ummaru na sa giya, ya karkata kai baya, ina ganin hannunsa ya fito ta taga yana nuni — ka san dutsin nan na hannun dama, to in ka... Motar ta kauce wa sandar ƙarfe, ta gangara, dawa ta rufe bayanta.

Ta tafi. Wasiƙar a aljihun gaba, tambayar a kujerar baya, mota ɗaya. Wacce za ta riga sauka?

Hajo na cewa in zo, tuwo zai huce.

Ban ga fuskar mai tambayar ba, Muhsina. Ko fuskarsa ban gani ba...